Bututun da na binne da hannuna

Ƙarfe uku saura na dare uwargida ta zungure ni. "Maigida, wai ba ka jin sanyin nan? Je ka ga yara, sun dunƙule kamar 'yan kyanwa." Na sauka ɗakin ƙasa da tocila. Hitar gidan, na'urar gas da ke ɗumama mana ɗakuna, tana nan, jar fitilarta na ƙyaftawa. Sai fanka ta fara juyawa kamar za ta tashi, can kuma ta yi tsit. Sau uku ina kallo tana haka.

Ashe ni ne da aikin. Da la'asar an zuba dusar ƙanƙara, irin wadda garinmu Wusta, a nan Amurka, ya saba gani a Fabrairu, na share hanyar mota da shebur, na yi ta jibga ta jikin bangon gefe don nan ya fi kusa. A ƙarƙashin tulin akwai fararen bututun roba guda biyu da ban taɓa ba su muhimmanci ba tun da muka tare. Ɗaya yana shigo wa hitar da iska, ɗayan yana fitar da hayaƙinta. Na toshe mata hanci da baki, na je na kwanta.

Hitocin gas na zamani, masu cin moriyar fiye da kashi 90 cikin 100 na zafin, ba sa bin dogon bututun saman rufi kamar na da. Suna tatse zafin har hayaƙin ya fito da ɗumi-ɗumi kawai, cike da tururi, shi ya sa roba ke iya ɗaukarsa, a huda bango a fitar da shi ta gefe. Arha ne, kuma da sauƙi, amma ya sauko da hayaƙin inda mutane da ƙanƙara suke. Abin da ya cece mu wani ɗan makunni ne da ke auna jan iska. In ya ji hanya a toshe, sai ya hana wuta kamawa. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. A Janairun 2005, a garin Plimot na wannan jiha tamu ta Masachusets, ƙanƙara ta rufe bututun wani gida, iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙi, ta koma ciki, yarinya 'yar shekara bakwai ta rasu. Da sunanta aka yi Dokar Nikol, wadda ta wajabta sa ƙararrawar gano wannan iska a gidajen da ke ƙona gas ko mai. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji in gas ya tsiyaya, da gangan ake zuba shi a ciki. Ita kuwa kabon monoksaid ba ta da wari ko launi. Ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, sai barci.

Da ƙanƙara ta narke na kira mai gyara. Ya auna, ya ce ai bakin bututun ya kai inci 12 daga ƙasa, an cika ƙa'ida. Na buɗe masa littafin na'urar: inci 12 ne sama da inda ake sa ran ƙanƙara za ta kai, ba daga ciyawa ba. Garin da a Janairun 2015 ya samu sama da inci 30 a zubi ɗaya! Wanda ya kafa shi da farko da rani ya zo, ya ga fili fes, ya huda inda hannunsa ya kai.

Da muka zo zaɓen sabon wuri ne na ga abin ba wasa ba. Bangon baya ya yi, amma tagar ɗakin yara na saman wajen, kuma mai ɗakin tana son buɗe ta ko da sanyi. Ƙa'ida ta yarda da tazarar inci 12 ga irin hitarmu, ni dai zuciyata ba ta yarda ba. Gaba kaɗan mitar gas ce. Lungun da bango biyu suka haɗu kuma iska na juyawa a ciki, ta mayar da hayaƙin bakin bututun shiga. Ta wajen matakala, tururin zai daskare a ƙasa, mutum ya zame ya karye. A ƙarshe muka bar shi a bangonsa, muka ɗaga shi ya kai ƙirjina, na hayaƙi sama da na shan iska. A ciki ya gyara gangaren, kwatan inci a kowace ƙafa zuwa wajen hitar, don ruwan da ke taruwa ya koma magudana maimakon ya kwanta ya daskare.

Da nake ba Inna labari a waya, ta ce, "To, ai kaskon gawayi ne a ɗaki rufe lokacin hunturu, sai dai naku na masu kuɗi." Ta tuna mini da gidajen da ake shigar da janareta cikin soro saboda ɓarayi, a wayi gari ana ta sallama ba amsa. Na ce mata ta sa a duba inda nasu yake kwana.

Yanzu akwai doguwar sanda mai jan ƙyalle kafe a gindin bututun, tun Nuwamba nake dasa ta. Ƙanƙarar hanyar mota kuwa can gefen katanga nake kai ta, taku goma sha biyu kowane shebur, bayana yana ƙorafi.