Shagon littattafan Kirista a Sakkwato, da abin da nake ba ma'aurata su karanta

Sana'ata sayar da littattafan Kirista ne a cikin garin Sakkwato, ɗan shago ne ba wani babba ba, can wajen Tsohon Filin Jirgi, kanta uku da benci guda sai fanka da ke juyawa in an kawo wuta. Mutane da yawa in sun ji sai su ce wai a Sakkwato? wa zai saya? To akwai masu saye. Akwai sojoji da matansu daga barikin Giginya, akwai ɗaliban jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo 'yan FCS, wato ƙungiyar ɗalibai Kirista, ma'aikatan asibiti, 'yan bautar ƙasa da ake saukewa a sansanin Wamakko, ga mutanenmu na Zuru da na kudancin Kaduna da Filato waɗanda wasunsu nan aka haifi iyayensu ma, ga Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa. Duk wanda ya fito daga Arewa kuma ko mene ne yarensa na gida, da Hausa yake addu'a a majami'a da Hausa yake rera waƙa, shi ya sa kantar da ke bakin ƙofa ta kayan Hausa ce.

Abin da ke riƙe da shagon Littafi Mai Tsarki ne, ba wani abu ba. Tun 1932 aka buga cikakkensa da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa ya sha wahala a kai shi da abokan aikinsa, daga baya wajen 1980 aka fito da wanda aka sabunta, shi ne aka fi karantawa a majami'unmu, yanzu kuma ga Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin Hausa wanda matasa suka fi so. Tsofaffi ba ruwansu da wannan duka, tambayarsu ɗaya ce, Mama akwai mai manyan baƙaƙe? don ido ya fara gajiya. Bayansa sai Littafin Waƙoƙi, wanda 'yan Zumuntar Mata ke saye kamar me, sai kuma Abincin Yini na karatun kullum, shi lokacinsa Disamba zuwa Janairu ne, in ya kai Maris bai fita ba to ya zama naka sai dai ka yi kyauta da shi.

Kayan daga Jos nake ɗauko yawancinsu, wajen shagon littattafai na Challenge na cocin ECWA da kuma na ACTS da ke Bukuru, na Turanci wasu daga Legas da Ibadan. Da ni nake zuwa da kaina, yanzu da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin da ta zama sai in tura kuɗi a ɗaure kwalaye a ba direba, in yi ta bin shi da waya har ya wuce Talatar Mafara sannan hankalina ya kwanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kawo kwali ya tashi, kuɗin takarda ya tashi, ribar da ke kan Baibul guda ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba ni iya tsawwala kuɗi a kan maganar Allah, zuciyata ba ta ba ni. Sannan ga zafin garinmu, watan Afrilu in rana ta haura digiri 40 gam ɗin da aka manne littafi da shi sai ya saki, ka buɗe sabon littafi shafuka su zubo maka a cinya, shi ya sa ba na jera komai jikin bangon da rana ke duka da yamma. Hunturu kuma ƙura, kowane littafi sai an sa shi a leda, damina gara. Akwai kuma na jabu, waɗanda ake kwafa a buga a ɓoye, takarda shara-shara rubutu dishi-dishi wani lokaci shafi goma babu a tsakiya, sun fi araha ƙwarai amma ba na ajiye su. Littafin da ke koya wa mutum gaskiya a same shi ta hanyar sata, abin bai yi tsari ba.

Inda aikin ya fi cin raina kuma ya fi mini daɗi shi ne kantar aure da zaman iyali. Nan ba na miƙa littafi haka kawai don an nuna shi da yatsa, sai na tambaya na wa ne, me ke faruwa, yana karanta Turanci sosai ko ko kaɗan-kaɗan, kamar dai mai kemis na kirki da ba ya ba ka magani sai ya ji inda ke maka ciwo. Wasu sukan ji haushi da farko, amma yawanci in suka zauna kan bencin nan sai zance ya fito.

Wanda aka fi tambaya shi ne The Five Love Languages na Gary Chapman, wanda ya fito a 1992. Abin da yake faɗa a taƙaice shi ne kowane mutum da hanyar da yake gane cewa ana ƙaunarsa, wani kalma mai daɗi, wani a zauna da shi a ba shi lokaci, wani kyauta, wani a kama masa aiki, wani kuma a riƙe hannunsa a jawo shi jiki. Littafin yana da amfani, na ga ya yi aiki. Wani soja ya taɓa shigowa da yamma da kakinsa, fuska a murtuke, ya ce Mama ki ba ni littafin da zai koya wa mace godiya, ni ban rage ta da komai ba, buhun shinkafa na saya, atamfa na saya, kuɗin makaranta na biya, amma kullum fuska a ɗaure. Na ce ɗana zauna ka sha ruwa tukuna, yaushe rabon da ku zauna ku biyu ku yi hira ba waya a hannunka? Ya yi shiru yana juya hularsa. Na buɗe masa babin da ke maganar ba da lokaci na ce wannan kai za ka fara karantawa ba ita ba, in ka gama sai ka karanta mata da Hausa da bakinka. Bai so ba amma ya biya ya tafi. Bayan wani lokaci matar ce da kanta ta zo sayen littafin waƙa, ta ce yanzu in ya sauka daga aiki yakan zauna da ita bakin murhu tana tuƙa tuwo yana ba ta labarin bariki.

Amma fa littafin a Amurka aka rubuta shi, bai san uwar miji na iya zuwa daga ƙauye ta zauna wata shida ba, bai san ƙannen miji uku a ɗaki guda ba, bai san kayan aure da sadakin da ke sa saurayi ya kai shekara talatin da biyar bai yi aure ba. Shi ya sa ni wanda na fi ba masu shirin aure shi ne na Walter Trobisch, fasto ne Bajamushe da ya yi aiki a Kamaru. I Loved a Girl wasiƙu ne tsakaninsa da wani saurayi ɗan Kamaru, kuma matsalar kuɗin aure na ciki tsundum, yaro yana son yarinya uban yarinya ya sa kuɗin da ba ya iyawa, duk saurayin da na ba sai ya dawo ya ce Mama ai labarina ne. Ɗayan kuma I Married You na 1971, an gina shi kan aya ɗaya, Farawa 2:24, mutum zai bar uba da uwa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya. Wannan barin shi ne inda gidajenmu da yawa ke tuntuɓe, namiji ya yi aure amma har yau kuɗin cefane sai Inna ta sa baki, ko mace ɗan saɓani kaɗan ta kwashe ta kai gidansu. Littafin bai ce a yar da iyaye ba, ya nuna yadda za a girmama su ba tare da an ba su linzamin gidan ba. Samunsu yanzu yana wuya, in na samu kwafi biyar ɓoye su nake yi ƙarƙashin kanta saboda fastocin da ke yi wa masu shirin aure gargaɗi.

Akwai waɗanda ba na sayarwa ko da za su kawo kuɗi, kuma suna kawowa. Ƙananan littattafan nan da ke koya wa mace cewa duk abin da ya same ta uwar mijinta ce mayya, ko rashin haihuwa daga ƙanwar uba ne, a yi ta addu'ar wuta ta cinye su. Na ga gidan da irin wannan karatu ya raba, tsohuwa tana kuka an hana ta ɗaukar jikanta. Haka ma waɗanda ke ce wa mace ta yi shiru ko ana dukanta wai biyayya ke nan. Afisawa 5 da ta ce mata su yi biyayya ita ce ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa, ba a karanta rabi a bar rabi. In mace ta zo mini da kumburin ido ba littafi nake ba ta ba, hannunta nake kamawa mu tafi wajen Baba Fasto da dattawa.

Finafinai kuwa kasuwarsu ta canja gaba ɗaya. Da kaset ne, aka koma faifan CD, yanzu wa ke da na'urar ma? kowa waya. 'Yan Mount Zion na su Mike Bamiloye da suka fara tun 1985 suna sa nasu a YouTube kyauta, Abejoye da sauransu, fim ɗin Yesu na 1979 wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka shi ma akwai shi da Hausa kyauta a intanet. To me zan sayar? Sai na sayi majigi da farin ƙyalle da ƙaramin janareto da lasifika, majami'u da ƙungiyoyin matasa suna haya, yarona ya je ya haɗa musu. Gaskiya kuɗin da ke ciki kaɗan ne in ka cire mai, amma ni na fi son haka, don fim ɗin da mutum ya kalla shi kaɗai a waya cikin bargo da wanda aka kalla a taru aka tattauna bayansa ba ɗaya ba ne.

Na makon iyali biyu nake ba da shawara kullum, Fireproof na 2008 da War Room na 2015. Na farkon wani ɗan kwana-kwana ne aurensa ya kusa mutuwa, ubansa ya roƙe shi ya yi kwana 40 yana yi wa matar alheri ko da ba ta kula shi ba, na biyun kuma wata tsohuwa ce da ta mai da ɗan ɗakin ajiye tufafinta wurin addu'a, ta koya wa wata matar aure ta daina faɗa da miji da baki ta koma faɗa a gwiwa. Da yake Turancin Amurka ne ba kowa ke kamawa ba, sai mu sa wani malamin makaranta ya tsaya gefe da makirufo ana tsayar da fim ɗin yana bayani da Hausa. Ranar da aka nuna Fireproof a wata majami'ar Hausa, da aka zo wajen da mutumin ya fito da kwamfutarsa waje ya farfasa ta da sanda saboda hotunan banza da yake kallo, ɓangaren mata ya ɗauki guɗa, ɓangaren maza kuwa tsit, wani dattijo a gaba ya ce a maido wurin a sake gani. Bayan an tashi maza suka zauna da fasto har dare ya yi nisa. Abin da nake ƙarawa kullum in an nuna War Room shi ne kada maza su ɗauka addu'ar gida aikin mata ne kawai, don wasu haka suke fahimta su koma gida su miƙe ƙafa.

Maƙwabtana a layin Musulmi ne kusan duka, tela da mai cajin waya da Alhaji mai kayan masarufi, kuma zaman lafiya muke. Lokacin dokar hana fita ta watan Mayun 2022 da gari ya rikice ina gida hankali a tashe, Alhaji ne ya kira ni ya ce Maman yara kwantar da hankalinki, shagonki na nan ba abin da za ya taɓa shi muna nan. Da aka buɗe gari abin da mutane suka yi ta nema a wajena littattafan gafara ne da Zabura, ba na aure ba.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne kusan duk littattafan auren nan da na lissafa da Turanci suke, alhali matan da suka fi zuwa su zauna kan bencina da Hausa suke karatu, wasu ma a ajin yaƙi da jahilci na majami'a suka koya don su iya karanta Baibul. Tambayoyinsu kuma ba su cikin littattafan waje. Wadda mijinta ya tuba yana da mata biyu ya za a yi, wadda 'yarta ke son wanda ba addininsu ɗaya ba, gwauruwar da dangin miji suka kwashe kaya, matar sojan da aka tura Maiduguri shekara biyu ba ta gan shi ba. Na sayi babban littafin rubutu ina rubuta irin waɗannan tambayoyi ba tare da sunan kowa ba, na kai wa wani Baba Fasto mai ritaya da matarsa, su biyu suna amsawa da ayoyi da Hausa mai sauƙi, matar ce ma ta fi shi zafin aikin. Mun tambayi masu buga littafi a Jos da Kaduna kuɗin kwafi 500 mai shafi kamar 60, na fara ware wani abu daga kuɗin hayar majigi, in Allah ya yarda muna so ya fito kafin bukukuwan auren Disamba.