Yadda na tsara jadawalin kwafin PostgreSQL don komawa kowane minti

Da farko pg_dump, umarnin da ke fitar da kwafin rumbun bayanai na PostgreSQL, shi kaɗai nake gudanarwa kowane dare. Yana da amfaninsa, amma hoton lokaci guda ne. Idan wani ya goge teburin bayanai da ƙarfe 3:40 na rana, na daren jiya kawai za ka samu, aikin yinin ya tafi ke nan. Komawa wani takamaiman minti sai da abu biyu: cikakken kwafi na pg_basebackup, da jerin fayilolin WAL (inda PostgreSQL ke rubuta kowane canji) tun daga wannan kwafin, ba giɓi ko ɗaya.

Na fara da kunna archive_mode, wanda sai an sake tayar da sabar yake aiki. Sai archive_command, umarnin da ke kwafe kowane fayil na WAL zuwa ajiya (%p hanyar fayil ɗin, %f sunansa):

test ! -f /ajiya/wal/%f && cp %p /ajiya/wal/%f

Kashin farko yana hana rubutu a kan fayil ɗin da ya riga ya shiga. Ita /ajiya kuwa tana wata na'ura dabam, domin kwafin da ke faifai ɗaya da rumbun bayanai tare suke mutuwa.

Kowane fayil na WAL megabait 16 ne, kuma ba ya tafiya sai ya cika. A rumbun da ba shi da yawan rubutu, hakan na iya ɗaukar sa'o'i. Na sa archive_timeout, wanda ke tilasta rufe fayil ko bai cika ba, a daƙiƙa 60, asarar ta tsaya wajen minti ɗaya. Sai dai fayil ɗin da aka rufe da wuri yana nan da girmansa, don haka fayil 1,440 a yini sun kai kusan gigabait 23. Matse su da gzip ya rage wannan ƙwarai.

Cikakken kwafin na sa shi a cron, mai gudanar da umarni a kan jadawali, Lahadi da ƙarfe 1:30 na dare. A nan na fara tuntuɓe. Na rubuta date +%F a sunan folda, alhali cron yana ɗaukar alamar % a matsayin sabon layi, umarnin ya yanke a tsakiya. Na mayar da komai cikin fayil ɗin umarni, cron ya riƙa kiransa kawai.

Kuskuren da ya fi muni a sharewa yake. Ina riƙe cikakken kwafi biyu, amma na sa umarnin find ya goge duk WAL ɗin da ya wuce kwana 7. Ranar gwaji na ɗauko tsohon kwafin, na nemi Larabar makon jiya, sai aikin dawowar ya tsaya cak: fayilolin da ke bin bayansa babu su. Ashe ba shekarun fayil ake dubawa ba. WAL ɗin da ya girmi kwafi mafi tsufa kaɗai ake taɓawa, kuma manhajoji irin su pg_archivecleanup ko pgBackRest sun fi ni iya wannan lissafin.

Wajen dawowa, tun daga PostgreSQL 12 babu recovery.conf. Kana ajiye fayil marar komai mai suna recovery.signal, ka sa restore_command (umarnin ɗauko WAL daga ajiya) da recovery_target_time (lokacin da kake son komawa) a postgresql.conf. Rubuta kwanan watan, sannan lokacin da yankinsa, kamar 15:39:00+00, in ba haka ba sa'a guda na iya zame maka. Dole kuma lokacin ya zo bayan kammaluwar kwafin da ka ɗauko. Idan ya isa wurin, sabar tana dakatawa. Ka leƙa ka ga teburin ya dawo, sannan ka kira pg_wal_replay_resume() don sabar ta ci gaba da aiki.

Gwajin ne ya sauya mini jadawali. Maimaita WAL na kwana shida ya fi dawo da kwafin kansa cin lokaci, sai na koma cikakken kwafi kowane dare. Yanzu kuma duk minti biyar ana duba failed_count da last_archived_time a pg_stat_archiver, domin idan archive_command ya gaza, WAL yana taruwa a pg_wal shiru har faifai ya cika, sabar ta faɗi.