Ranar Birisben ba a auna ta da zafi

Mu 'yan Gombe da zafi muke auna rana, musamman a Maris da Afrilu. A Birisben ta ƙasar Ostareliya, inda aiki ya kawo ni da iyalina, hasashen yanayi yana zuwa ne da ma'aunin hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, kuma da zarar ya kai 3 ana son kowa ya kāre fatarsa. A Disamba da Janairu, lokacin da ake hunturu a gida, yakan haura 11. A makarantar 'yata, yaron da ya manta malafarsa a inuwa zai zauna har a gama wasa.

Wannan hasken, ido ba ya ganinsa, jiki kuma ba ya jin shigarsa. Nau'in UVB yana ratsa ƙwayoyin fata har ya isa ga DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halitta a cikinsu, ya sa biyu daga tubalan zaren, masu suna taimin, da ke maƙwabtaka su manne da juna, sai zaren ya harɗe kamar ɗinkin da keke ya cukurkuɗe. UVA ya fi shi nitso, ɓarnarsa kuma yawanci ta hanyar sinadaran oksijin masu illa take zuwa. Jiki yana da masu gyara da ke yanke gurbin da ya lalace su sake saƙa shi, kuma bayanin wannan aikin ne ya ba Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, rabo a kyautar Nobel ta 2015. Abin da ya kuɓuce wa gyara yakan zama kuskure mai ɗorewa, irinsa kuma ke taruwa shekara da shekaru har ya haifar da kansar fata. Ko shanu ba su tsira ba, domin nau'in Hereford masu farar fuska sun yi suna da kansar ido.

Baƙar fatarmu garkuwa ce, saboda sinadarin melanin da ke ba ta launi yana yi wa DNA rumfa, ko da yake ba ya tare hasken duka. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ɗan yayata, zabiya, da ke zuwa Islamiyya a ƙafa da tsakar rana, kunnuwansa duk sun yi ɓawo. Na aika masa malafa mai faɗi da man kariya daga rana, na kuma ce wa uwarsa: "Yaya, don Allah a riƙa sa masa riga mai dogon hannu, a kuma kai shi likitan fata ya duba kunnuwan nan."