Ku fara da ɗan da'irar furofayil, banar taro ta biyo baya

Ƙannena masu zanen fosta da hotunan taro a Katsina da Daura, akwai ɗabi'ar da mu da muka riga ku shiga harkar muka daɗe a kai, kuma ta ɓata mana ayyuka da yawa: a fara zana ƙatuwar banar da za a rataya a wurin taro, sannan a matse ta a mayar da ita hoton furofayil da hoton bangon shafi. Ku juya tsarin. Ku fara da mafi ƙanƙanta, domin mafi yawan waɗanda za su ga aikinku a waya za su gan shi, kuma hoton furofayil a gefen sharhi bai fi girman farce ba.

Facebook da Instagram da WhatsApp da X duk suna yanke hoton furofayil ya koma da'ira. Ku buɗe fili mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 1080 a tsaye da 1080 a kwance, amma duk abu mai muhimmanci ya tsaya cikin 760 da 760 na tsakiya, don kusurwoyi huɗun nan yankewa za a yi. Abu ɗaya kawai ya shiga: tambarin taron, ko gajeren sunansa. Idan taron ya shafi birnin Katsina, zanen Hasumiyar Gobarau da launi ɗaya ya isa. Na Daura kuma rijiyar Kusugu ko ƙofar fada. Ainihin hoton ginin da kyamara ta ɗauka dagulewa yake yi idan ya ƙanƙance.

Na san inda rigimar take. Kwamiti zai turo hoton babban baƙo, da uban taro, da shugaban taro, da mai masaukin baƙi, kowa da rawaninsa da jerin muƙamansa, a ce duk su fito. Kada ku yi musu da dattawa, ku dai nuna masu a waya yadda fuskoki huɗu ke komawa a cikin da'ira. Ku ware wa manyan baƙi fosta tasu mai 1080 da 1350, inda kowa zai fito da mutuncinsa, har da tsarin wa ke sama da wa, wanda shi ma sai kun tambayi kwamiti kafin ku jera.

Kafin hoto na biyu, ku tsayar da launi uku, kada su wuce haka, ku rubuta lambar da manhajar zane ke ba kowanne. Kore ba ɗaya ba ne. Idan yau ka zaɓa da ido a manhajar Canva, gobe abokin aikinka ya zaɓa da ido a CorelDRAW, shafukan za su fito kamar na taro biyu. Salon rubutu biyu ya wadatar, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani. Ku gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ tun farko. Da yawan salon rubutu masu ƙyalƙyali ba su da waɗannan haruffa, sai manhaja ta aro su daga wani salon, ko ta saka ɗan akwati a gurbinsu, a wayi gari "Ƙofar Soro" ta fito da harafin farko daban da sauran. Noto Sans yana da su duka.

Hoton bangon Facebook shi ne mai wahala, saboda kwamfuta na nuna kusan 820 da 312, waya kuma 640 da 360. Wato kwamfuta na yanke sama da ƙasa, waya na yanke dama da hagu. Ku zana 1640 da 720, rubutu ya zauna cikin 1280 da 624 na tsakiya. Na X 1500 da 500 ne, kuma hoton furofayil yana rufe ƙasan hagu, don haka kada a sa kwanan wata ko wurin taro a nan. Sitatus 1080 da 1920, a bar kamar fiksel 250 sama da ƙasa babu rubutu.

Kwanan wata kuwa kada ya shiga hoton furofayil sam. Taron da ya dogara da Hawan Sallah ko Sallar Gani yana jiran ganin wata, ga ɗagewar da kan taso kwatsam. Ku ajiye ranar a shimfiɗa (layer) tata daban cikin fayil ɗin asali, yadda gyaranta ba zai wuce minti biyu ba.

Wajen miƙa aiki, duk hoton da ke da rubutu ko tambari ku fitar da shi a nau'in fayil na PNG, ku tura ta WhatsApp a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi, gefen haruffa ya dushe. Na maɗaba'a fayil daban ne: allon waya tsarin launi na RGB yake amfani da shi, injin bugu kuma na CMYK, shi ya sa shuɗi mai haske a waya kan fito da duhu a jikin bana. Ku sa mai bugu ya fitar da ɗan gwaji ƙarami ku gani da rana kafin ya buga babbar.