Doguwar Tafiya da Tsohuwar Motar Dizal

Duk wanda na gaya wa cewa da motata zan yi wannan tafiyar, tambayarsa ta farko ita ce abin da agogon kilomita ya nuna. In na ce ya haura 340,000, sai ya kama baki. Motar ƙirar 2010 ce, injin dizal mai turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska, kuma ta ratsa hannun mutane kafin ta zo gare ni. Abin da ya sa na saye ta tun farko wata tsohuwar jakar takardu ce da na tarar a aljihun gaba: rasitin kowane juyen baƙin mai, da ranar da aka sauya belin taimin tare da famfon ruwa, duk a jere. A wurina wannan jakar ta fi agogon faɗin gaskiya, domin agogo ana iya murɗa shi baya.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota, shi ya ce zai raka ni. Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya taɓa makulli sai ya iso, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Da asuba ya zo ya tsaya a bayan salansa, ya ce, "To ɗana, murɗa." Na jira fitilar hita, mai ɗumama cikin inji kafin a tayar, ta mutu sannan na murɗa, ta kama nan take. Ɗan hayaƙi ya fito ya watse. Da shuɗi ne ya ci gaba da fita, da mun san tana shan baƙin mai. Ya zagayo gaba, ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin bai ɗaure ba, injin na aiki. Murfin ya ɗan yi rawa amma bai tashi ba. Ya ce ringin fistin da sauran ƙarfinsu, mu kama hanya.

Rabin farko na hanyar shimfiɗaɗɗe ne, kuma a nan ake gane dalilin da ya sa masu doguwar tafiya ke son dizal. Muna gudun kilomita ɗari a awa, allurar juyin inji tana kwance wajen 2,000, babu ihu babu kuka. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake matsewa ninki goma sha biyar zuwa ashirin har ta ɗau zafi, sai a fesa mai ya kama da kansa. A kan wannan dabarar Rudolf Diesel ya kammala injinsa a Augsburg ta Jamus a 1897, kuma saboda ƙarfin matsin nan ne ake ƙera gangar injin da fistin da kauri. Ƙarfe mai kauri da ke juyawa a hankali ba ya saurin cinyewa.

Na ba Kawu labarin wata tasi a birnin Thessaloniki na ƙasar Girka, Mercedes-Benz 240 D ƙirar 1976, wadda ta ci kilomita miliyan 4.6 kafin kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya ajiye a gidan tarihinsa. Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ka tambaya sau nawa aka sauke injinta." Kuma gaskiyarsa, an sha sauke shi ana gyarawa ana mayarwa. Masu ba da labarin nan sukan tsallake wannan ɓangaren.

Da rana ta take muka sha mai a wani ƙaramin gidan mai da ke gefen hanya, daga nan ƙasa ta fara tashi, muka shiga duwatsu. A hawa na farko motar ta yi wata 'yar shaƙuwa, na taka totur ta ƙi amsawa yadda ta saba. Can sai wata fitila ta kama a dashbod, mai hoton tulun filta da ɗigon ruwa a ƙasa. Gabana ya faɗi. Kawu kuwa ya ce in sami fili in tsaya, in kashe ta.

Ya buɗe bonet, ya nemi wata farar gorar roba da ake ganin cikinta. A gindin filtar mai akwai wani ɗan dunƙulen roba da ake murɗawa da yatsa. Ya tara gorar, ya sassauta shi. Abin da ya fara zubowa fari ne tas, sannan ya koma gurɓatacce, daga baya launin dizal ya bayyana. Ya ɗaga gorar a rana ya nuna mini: ruwa kwance a ƙasa kamar yatsa biyu, mai yana yawo a samansa, da layi tsakaninsu. Ruwa ya fi dizal nauyi, shi ya sa aka yi wa filtar wannan gindin don ya taru a can. Ya ɗaure, ya shiga danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar har ya yi tauri, alamar iskar da ta shiga ta fita. Ta ɗan ja kafin ta tashi, amma da ta tashi sai muryarta ta daidaita, fitilar ta mutu.

A hanya muka yi ta gardamar inda ruwan ya fito. Yana iya zama daga tankin ƙasa na gidan man, yana iya zama raɓar da ta daɗe tana taruwa a tankina, tunda a gari ba na cika shi. Abin da ba a gardama a kai shi ne illarsa. Injunan da Kawu ya saba da su suna haƙuri da gurɓataccen mai. Na yanzu ba sa yi. Tun 1997, lokacin da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ake tara mai a bututu ɗaya a raba wa nozul-nozul masu fesa shi cikin inji, matsin man ya tashi daga bar 1,350 ya kai 1,500 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), ramukan nozul kuma ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Famfon da ke wannan matsin da dizal ɗin kansa yake samun santsi. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya goga ƙarfe, ɓurɓushin ya bi bututu ya toshe komai. A ganina wanda ya yi ƙyashin sauya filtar mai a irin wannan motar bai san inda kuɗinsa za su tafi ba.

Sauran hawan na bi shi da ƙaramar giya, idona a kan allurar zafi. Kawu ba ya yarda a bar inji yana nishi a babbar giya. Allurar ba ta motsa daga tsakiya ba.

Da yamma muka gangaro fili, na tsaya don mu miƙe ƙafa. A nan ne Kawu ya sha mamaki. Fankar lagireto na ta gudu, muryar injin ta ɗan ɗaga, ga wani ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashi. Ya durƙusa yana leƙe, yana cewa wani abu na ƙonewa. Na ce, "Kawu, ku kwantar da hankalinku, wanka take yi." Tun da dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 ta fara aiki a 2009, kusan duk ƙaramar motar dizal da aka yi wa kasuwar can tana da wata mataciya a cikin salansa mai kama baƙin toka. Idan ta cika, kwamfutar motar kan ƙara fesa mai don zafin hayaƙi ya kai wajen digiri 600, tokar ta ƙone. Wannan aikin yana son a yi ta gudu ba tsayawa. Motar da kullum daga gida sai wurin aiki ba ta samun damar gama shi, sai mataciyar ta toshe, man da aka ƙara kuma ya tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ban kashe ta ba, muka koma ciki muka ci gaba har muryar ta sauka. Kawu ya daɗe shiru, sannan ya ce a zamaninsu hayaƙi fita yake yi abinsa, ba a ajiye shi.

Dare ya yi kafin mu isa. Na kai hannu ga makulli, ya riƙe ni, ya ce in ba ta ɗan lokaci. Turbo yana juyawa sama da sau dubu ɗari a minti, kuma in aka yanke masa baƙin mai yana da zafi, abin da ya rage a ciki yakan ƙone ya daskare. Da safe muka zaro sandar awo, baƙin mai yana inda muka bar shi. Muka sa bakanike ya sauya filtar gaba ɗaya kafin mu juyo. Kawu ya sa shi ya duba ƙafar baya ta dama, wai tun a cikin duwatsu yake jin wata ƙara da ni ban ji ba. Da aka ɗaga motar, robar da ke riƙe shokar ta tsage gida biyu, aka sauya ta a nan take.