Ranar kai rahoton wata

Yau ce ranar da mu ma'aikatan lafiya na al'umma muke kai wa cibiyar lafiya rahoton wata-wata, saboda haka na kasa yinin kashi biyu, safiya ta zagayen gidaje, yamma kuma ta zama da ma'aikatan cibiya. Gidajen farko ba su ci mini lokaci ba. Na tuna wa wata mai juna biyu ranar awonta, na kuma bayyana wa mijinta cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai ciki aƙalla sau 8, maimakon sau 4 da aka saba, domin hawan jini da ƙarancin jini sukan daɗe a jiki ba tare da mace ta ji komai ba.

Inda na daɗe shi ne gidan wani yaro ɗan wata goma da aka ce yana tari. Na jira ya daina kuka, uwarsa ta ɗage masa riga, na ƙirga numfashinsa na minti guda cif, na sami 56. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, yaron da ke tsakanin wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50 a minti, numfashinsa ya yi sauri, a yi zargin namoniya, wato ciwon huhu. Na naɗa tef ɗin awo a damtsensa na hagu, sai ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Da a ce ɗaya ne daga cikin biyun, da sauƙi, amma haɗuwarsu a jikin yaro guda ta wuce abin da jakata za ta iya.

Da na ciro takardar tura marar lafiya, kakar yaron ce ta tare ni. Ta ce, "Malama, wancan karon da kika tura mu, tun hantsi muke zaune har la'asar, ba wanda ya dubi takardarki, daga ƙarshe aka ce magani ya ƙare." Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa, kuma mutanen da na sani gida-gida ba a yi musu rufa-rufa. Na ce, "Inna, yau tare za mu je." A gabanta na buga wa jami'ar da ke kula da cibiyar waya, na faɗi adadin numfashin da launin tef, ta ce a shigo da shi kai tsaye ba sai ya bi layi ba. Wannan kiran ne ya sa tsohuwar ta miƙe, ba bayanina ba. Na lura tuntuni cewa darajar ma'aikacin lafiya na al'umma a idon jama'a ba a hannunsa take ba, tana hannun wanda ya fara karɓar takardarsa a ƙofar cibiya.

A zaman yamma mun gwama rajistocinmu da na cibiya. Su suna da sunayen yaran da ba a dawo da su rigakafi ba, da masu tarin fuka da suka daina karɓar magani kafin cikar wata 6, mu kuma mun san ƙofar gidan kowa da dalilinsa: wannan ta koma gidan iyayenta, wancan ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke. Bayan haka muka karɓi ƙunshin gishiri da sukari, da ƙwayoyin zinc na maganin gudawa, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Sannan na tayar da maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar turawa rabi biyu ce, na sama mu ke cikewa, na ƙasa kuma ma'aikacin da ya duba marar lafiya ya kamata ya cike ya dawo mana da shi, don mu san abin da aka gano da maganin da za mu bi sawunsa a gida. Wannan rabin da wuya yake dawowa. Na san aiki ya yi wa ma'aikatan jinya yawa, amma tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 aka amince cewa kula da lafiya matakin farko ba ta tsayuwa sai da tsarin turawa mai aiki, kuma ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun jaddada sa ido mai ƙarfafa gwiwa, da albashi, da kayan aiki ga irinmu. A Habasha ma an ɗaure ƙananan ɗakunan shan magani biyar-biyar ga cibiya guda, don a san wanda ke da alhakin wa.

An amince a ajiye akwati kusa da teburin rajista inda za a riƙa jefa mana rabin takardun, mu kwashe kowane mako. Shi kuwa yaron, sai da na bi ma'aikaciyar jinya na tambaya da bakina, sannan na ji an wuce da shi babban asibiti don a kwantar da shi. Gobe da gidansu zan fara, domin akwai yayarsa 'yar shekara uku da ban auna damtsenta ba tukuna.