Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zariyar Bakin Mahaifa

Makon jiya na yi alkawarin zancen aurena, amma maganar Inna ta hana ni sakat: "Tun ran gini, ran zane." To yau ɗinkin bakin mahaifa za mu taɓa, aikin da na tsufa ina miƙa wa likitoci kayansa a ɗakin tiyata nan Sakkwato.

Mace ta yi ɓari a wata na biyar, ba naƙuda, ba ciwo. Bakin mahaifa kawai ya saki, faya ta leƙo. Dangin miji su ce iska ce, a shiga hayaƙi da rubutu, sai ciki na uku ya zube sannan a kawo ta awo. Abin nan har gobe yana ci mini rai.

Mai irin wannan tarihi, tsakanin mako 12 zuwa 14 ake ɗinke ta, bayan hoto ya nuna ɗan na raye lafiya. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini kuma, in an auna tsawon bakin bai kai milimita 25 ba kafin mako 24, ita ma a ɗaure.

Salon likita McDonald, na 1957, shi aka fi yi. Allurar kashe zafi ta baya, a kama bakin mahaifa, a zaga shi da zaren da ba ya narkewa, suka huɗu ko biyar, a ja kamar zariyar wando. Ana kauce wa gefen dama da hagu, wurin ƙarfe 3 da 9 na agogo, don nan jijiyoyin jini suke. A bar wa ƙullin jela mai tsawo, in ba haka ba ranar cirewa a sha wuyar nema. Na Shirodkar, likitan Indiya, sai an tsaga fata an ture mafitsara sama don zaren ya hau can ciki. Wadda aka buɗe cikinta aka ɗaure kuwa, haihuwarta sai tiyata.

Ran gini, in ji Inna. Faya ta fashe, ko jini na zuba, ko zazzaɓin ƙwayar cuta ya shiga, ko naƙuda ta kankama, ba a ɗinki.

Ana kwance zaren a mako 36 zuwa 37. In naƙuda ta riga wannan lokaci, kar a tsaya jiran maigida ya dawo kasuwa, domin zaren na iya yaga bakin mahaifar.